Shagon tsofaffin mindodin soja a Adum, abin da na gani a zuwana huɗu

Salamu alaikum jama'a. Tun bayan ƙaramar sallah nake cewa zan yi rubutu a kan shagon nan na Adum a Kumasi da ake sayar da tsofaffin mindodin soja, don mutum uku ko huɗu sun tare ni a Aboabo bayan sun ga mindodin kakanmu a jikin bango suna tambaya ina aka gyara su, nawa aka kashe, mai shagon mutumin kirki ne ko kuwa irin masu sayar wa baƙi gwangwani ne da sunan kayan tarihi. To ga bayanin nan. Sau huɗu na je, na kai gyara kuma na yi sayayya da kuɗina, duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Wanda bai sani ba, minda ita ce lambar nan da ake rataya wa soja a ƙirji, haka tsofaffin bariki suke kiranta kuma da wannan sunan muka tashi a gidanmu. Kakanmu na wajen uba ya shiga sojan Gold Coast, wato Ghana ta zamanin turawa, a 1936 ya fita a 1955 yana saja. Ya yi yaƙin Habasha da Italiyawa a 1941, can ne ma sunan barikin Uaddara na nan Kumasi ya samo asali, daga baya aka kwashe su sai Bama tare da runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, yana cikin waɗanda suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Taken rundunarsu ma da Hausa yake, Kullum Shiri, kuma har ya rasu idan ka ce masa Kaka ya ƙarfin jiki da wannan kalmar yake amsa maka. Mindodinsa biyar ne. Huɗu suna nan, tauraron 1939-45, tauraron Afirka, tauraron Bama da mindar yaƙi, amma ta biyar ɗin, wadda ake ba sojan da ya yi shekara 18 ba tare da an kama shi da wani babban laifi ba, an sayar da ita a 1983 shekarar yunwa da gobarar daji, kuma wallahi ba na zargin kowa, wanda ya ga 83 ya san abin da ake ciki a lokacin. Abin da ke min ciwo shi ne ita kaɗai ce ta azurfa shi ya sa ita aka ɗauka, kuma ita kaɗai ce ke ɗauke da sunansa da lambarsa a gefenta, don mindodin yaƙin Hitila da Ingila ta raba haka suka zo ba suna ba komai. Wato wadda ta ce wannan na wane ne ita ce ta tafi. Daga nan ne na kamu da son irin wannan mindar ta daɗewa a aiki, ta namu ta turawa duka.

Shagon ƙarami ne sosai, cikin wani lungu ne, tafiyar minti kaɗan a ƙafa daga Kumasi Fort inda gidan tarihin soja yake, tsakanin mai gyaran agogo da masu sayar da caja da kobar waya. Idan ba a kwatanta maka ba sai ka wuce shi sau biyu. Ciki akwai akwatin gilashi guda biyu da benci ɗaya da fanka, sai tarkace masu daɗin kallo, anini da kwabo masu huda na zamanin turawa, tsofaffin takardun sidi, kan sarki, ƴan ma'aunan zinari na tagulla irin na Asante, maɓallan kaki da bajo mai hoton bishiyar kwakwa na rundunar Afirka ta Yamma. Mai shagon dattijo ne ɗan Zango, a bariki aka haife shi don shi ma ɗan soja ne, kowa Baba yake ce masa, akwai kuma jikansa saurayi da ke taya shi ɗinki da amsa waya.

Zuwana na farko na kai mindodin nan huɗu a cikin gwangwanin alawa da Mma take ajiyarsu, ƙyallensu duk ya ruɓe kala ta gudu, nace Baba so nake a goge min su su riƙa ƙyalli kamar sababbi. Ya ɗauko gilashin nan na masu gyaran agogo ya sa a ido ya daɗe yana juya su, sannan yace ɗana zo ka gani, ya nuna min fuskar Sarki Joji na shida a jikin mindar yaƙin, gashin kan da kambin duk sun fara shafewa, yace kakanka da kansa ya goge wannan shekara da shekaru don fareti, shi hakkinsa ne, amma kai duk gugar da ka ƙara wani abu kake cirewa wanda ba zai dawo ba. Yace ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da buroshi mai laushi shi kenan, kada man goge ƙarfe ya kusance su, kada toka da lemun tsami irin yadda ake wa tukwane. Gaskiya a nan ya fara shiga raina, don da ya ce zai goge na biya ne ina murna, kuɗi ya bari a kan tebur ya faɗa min gaskiya. Ya kuma ce kar in yar da tsofaffin ƙyallen, ya zuba min su a ƴar leda yace a ajiye tare.

Zuwa na biyu shi ne na sayayya kuma a nan na fi daɗewa, na shiga bayan azahar ban fito ba sai da aka kira la'asar. Nace masa mindar daɗewa a aiki nake nema ta sojan ƙasa na Ingila, ta zamanin Sarauniya Biktoriya in akwai. Bai buɗe gilashin gaba ba, ciki ya shiga ya fito da wani ƙaramin akwatin katako, guda uku ne a ciki kowace a naɗe da takarda. Wadda ta ɗauke min hankali azurfa ce da ta yi duhu-duhu kamar hadari, faɗinta milimita 36, a gaba babu hoton sarauniya sam, tarin makamai ne da tutoci da igwa sun kewaye garkuwar masarauta, a baya kuma rubutu ne kawai da turanci mai nufin domin daɗewa a aiki da kyakkyawan hali. Masu tara ta LSGC suke ce mata a taƙaice. Sarki Wiliyam na huɗu ne ya ƙirƙiro ta a 1830, kuma a farko sai sojan ƙasa ya yi shekara 21 kafin ya same ta, sojan doki kuwa 24, sai a 1870 aka mayar da ita 18 ga kowa. Ku tsaya ku yi tunanin shekara 21 a sojan wancan zamanin, bulala tana nan, giya ta yi wa bariki katutu, zazzaɓi da kwalara suna kwasar mutane a Indiya da nan gaɓar tekunmu, a ce mutum ya ratsa duk wannan bai mutu ba bai gudu ba kuma takardarsa ba ta ɓaci ba. Sojojin Ingila da kansu suna mata laƙabi da mindar burodi, wai ai cin burodin gwamnati kawai za ka yi ta yi har ta zo ta same ka. Ni ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan, na ga yadda kakanmu yake tashi kafin asuba ya gyara shimfiɗa ya goge takalmi yana da shekara saba'in da wani abu, wannan halin ba a rana ɗaya ake samunsa ba, mindar jarumta ta yini ɗaya ce, wannan kuwa ta rabin rayuwar mutum ce.

Abin da ya burge ni Baba bai tsaya yabon kayansa ba, koya min ya yi yadda zan kama shi in ƙarya yake. Ya ce fara da gefe, ya ba ni gilashin, ga lambar soja ga muƙami ga suna ga runduna duk a jere, farabiti ne, wato ƙaramin soja, na rundunar Rifle Brigade. Yace duba kaurin gefen ko'ina ɗaya ne ko kuwa wani wuri ya sirance, don akwai masu kankare sunan asali da zarto su buga wani suna ko wata rundunar da ta fi tsada, in an yi haka gefen yakan lotsa kuma da ma'auni za ka ga zagayen ya ragu, ya ɗauko ma'aunin ƙarfe ya gwada ta ta fuska uku a gabana. Sai ya nuna min abin rataya, yace na farko-farko ƙarfe ne kawai da zobe aka matse a sama, wannan mai lanƙwasa da ke juyawa daga 1855 aka fara shi, kuma ƙananan haruffan bayan nan suna nuna daga 1874 zuwa sama ce, sannan garkuwar ba ta da ɗan tambarin masarautar Hanoba ta Jamus a tsakiya wanda aka cire bayan Biktoriya ta hau a 1837. Daga 1901 zamanin Sarki Edwad na bakwai ne aka koma sa hoton mai sarauta, a 1930 kuma aka sake mata fasali gaba ɗaya. Ya ajiye ta a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani tsohon sule, ƙara ta fito siririya tana ja, sai ya ɗauko wata ta jabu ya ƙwanƙwasa, ƙwas kawai, ya nuna min ƴan ramuka kamar na ƙuraje a jikinta da layin da ya zagaye gefe inda aka zuba ta a mazubi.

Ni kuma da zumuɗi nace Baba ai Rifle Brigade suna cikin waɗanda suka zo da Wolseley kwamandan turawa a 1874 suka yi faɗan Amoaful suka ƙona Kumasi, ke nan mai wannan mindar ya taka garin nan. Wallahi da wani ne sai ya ce ƙwarai kuwa ya ƙara sidi dubu a kai. Shi kuwa yace a'a ɗana, bataliya ɗaya ce tasu ta zo, rundunar kuma tana da bataliyoyi da yawa, ni ban ga mindar Asante tasa ba kuma ban ga takardarsa ba, abin da ke rubuce a gefe shi nake sayar maka ba labari ba. Yace in kana son sani takardun sallamar sojojin wancan lokacin suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, kuma da yawa an ɗora su a intanet, ka bi da suna da lamba. Wannan maganar ita ta sa na saya. Ya fara da sidi 2,800 muka yi ta ja har muka tsaya a 2,300, na tura ta MoMo, wato kuɗin waya. Da na koma gida na duba abin da irinta take kamawa a gwanjon Landan wajen su Noonans da Spink, na ga bai zalunce ni ba, musamman in ka haɗa da kuɗin turowa da na kwastan da zullumin kaya ya ɓace a hanya.

Yana da wasu abubuwan da ba na sayarwa ba ne ma, ya nuna min tauraron Asante na 1896, baƙin tagulla, a bayansa an rubuta daga sarauniya, da mindar 1900 mai ƙarfen da aka rubuta Kumassi ta yaƙin Yaa Asantewaa, matar da ta jagoranci Asante a kan turawa. Na riƙe ta jikina ya yi sanyi, don sojojin da aka kira Hausawa suna cikin waɗanda suka yi wa turawa wannan yaƙin, tun daga ƴan sandan da baturen nan Glover ya kafa a 1863 a Legas har zuwa rundunar Gold Coast da aka kafa a 1901, ga shi kuma yau a ƙasar Asante muke zaune muna cin arziki da su muna aure da su. Abu ne da ya kamata ɗan Zango ya sani ya kuma riƙe da ladabi. Mun taɓa hirar Alhaji Grunshi ma, wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko a Togo cikin Agustan 1914, da su Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey da aka harbe a Akra ranar 28 ga Fabrairun 1948 suna tafiya neman hakkinsu na tsofaffin soja, Baba yace babansa ya sha faɗa masa cewa minda aka ba su da yawa, alkawarin kuɗi da aiki ne aka riƙe.

To yanzu abin da bai min daɗi ba, don ba zan ɓoye ba.

Na farko aikin ɗinkin. An ce min sati ɗaya, sai da ya kai sati uku, na kira waya ya fi sau shida, yau a ce ƙyalle bai iso daga Akra ba gobe a ce babu wuta jibi a ce yaron ya tafi suna Tafo. Ni daga Aboabo nake shiga trotro zuwa Kejetia in taka zuwa Adum, zuwana na uku banza ya tashi don an ce min a waya an gama na zo na tarar ko farawa ba a yi ba, raina ya ɓaci sosai ranar. Da aka gama kuma sai na ga an sa tauraron Bama a gaban na Afirka. Wani zai ce meye a ciki, to akwai abu a ciki, jerin yana da ƙa'ida, 1939-45 sannan Afirka sannan Bama sannan mindar yaƙi, kuma shi ne ma yadda mutumin ya bi yaƙin da ƙafarsa, Habasha kafin Bama. Jikan ne ya ɗinka Baba bai duba ba. Da na nuna masa bai yi gardama ba ya yi wa yaron faɗa a gabana aka warware aka sake a take, bai karɓi ko kwabo a kan sakewar ba, amma da ban san jerin ba haka zan rataya su a falo shekara da shekaru. Kuɗin aikin sidi 150 kowace minda har da sabon ƙyalle, ɗinkin kansa ya yi kyau ya zauna daram, sai dai ƙyallen tauraron Afirka ya fi na asali haske, kalar yashin ta yi kusa da ruwan ɗorawa.

Na biyu kuma shi ya fi damuna. Akwatin gilashin da ke bakin ƙofa, wanda baƙi ke fara gani in sun fito daga gidan tarihi, na gaske da na jabu a haɗe suke a faranti ɗaya babu wata alama. In ka tambayi Baba zai faɗa maka wannan kwafi ce sidi 80, ba ya ɓoyewa, amma in ba ka tambaya ba fa, in kuma yaron ne kaɗai a shagon fa? Na faɗa masa gaba da gaba nace Baba da girmanka da gaskiyarka wannan farantin yana rage maka daraja, a raba su a rubuta. Yace in sha Allah. Zuwana na huɗu yana nan yadda yake. Haka nan babu farashi a jikin komai, kuma rasit sai da na roƙa sannan aka yago takarda daga littafin makaranta aka rubuta min, na sa ya ƙara da suna da lambar da ke gefen mindar ya sa hannu. Kayan dubban sidi bai kamata a sayar da su kamar goro ba.

Akwai kuma ɗan kuskure a kan mindar da na saya, ƙyallen da ke jikinta ja ne mai farin gefe, alhali farin gefen nan sai lokacin yaƙin duniya na farko aka ƙara shi don a bambanta ta da ƙyallen Victoria Cross, babbar mindar jarumta ta Ingila, ta zamanin Biktoriya ja ne zalla mai duhu. Shi da kansa ya fara faɗa min kafin in biya, yace a haka ta zo masa kuma ba shi da ja zalla a hannu, to har yau ina jira.

Abu ɗaya da na gani da idona a zuwan ƙarshe, wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya shigo da mindodi uku a aljihu yana neman a saya da sauri. Baba ya tambaye shi na waye, yace na kakansa, yace babanka ya sani, yaron ya yi shiru yana kallon ƙasa. Yace je ka zo da babba a gidanku, in sun yarda zan saya da daraja, in kuma kuɗin mota ne matsalarka ungo, ya ba shi sidi 20 yaron ya fita da mindodinsa. Ina zaune a bencin nan sai da na share ido, don 83 ce ta faɗo min.

In za ku je, ku je da safe tsakanin ƙarfe goma da sha biyu ranar Talata ko Laraba lokacin Baba da kansa yana nan kuma Adum ba ta cika ba, ranar Juma'a da wuri yake rufewa. Kar ku saya daga farantin ƙofa sai kun tambaya, ku ce a fito muku da akwatin ciki, ku karɓi gilashin ku duba gefe da kanku, ku nemi rasit mai suna da lamba. Masu kai gyara kuma ku ɗauki hoton mindodinku gaba da baya kafin ku bari, ku rubuta jerin a takarda ku ba yaron a hannu, kuma in kuna so don ranar 11 ga Nuwamba ta tunawa da tsofaffin soja to ku kai tun farkon Oktoba. Wajen sani da gaskiya a ciniki zan tura ɗan uwana can ba fargaba, wajen cika alkawarin lokaci da tsarin shago kuwa da sauran gyara sosai.

Kafin in fito na tambaye shi irin ta kakanmu, ta rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka fara bayarwa a 1903, mai sunan rundunar a bayanta da koren layi a tsakiyar jan ƙyallen. Yace sukan faɗo jefi-jefi, yawanci daga Tamale ko Takoradi in an raba gado. Ya ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango da yake rubuta cigiyar mutane, shafuka sun kusa cika, na karanto masa sunan kakanmu da lambarsa ta soja daga takardar sallamar da Mma ta ajiye, ya rubuta da jan biro ya sa lambar wayata a ƙasa. A allon da aka jera mindodin huɗu kuma na sa an bar gurbi ɗaya a ƙarshen layi.